Aikin bawul ɗin zuciya: ƙaramin yanka ko tsaga ƙirji?

Iyalan da ke kai majinyata Indiya ko Masar don aikin zuciya sukan dawo mana da labari guda: an ce su ƙara kuɗi a yi aikin ta ƙaramin yanka tsakanin haƙarƙari, ba sai an tsaga ƙashin ƙirji ba. To, bayan shekaru, wannan ƙarin kuɗi yana biya kuwa?

Salon ba sabo ba ne. Tun a 1996 likitan Faransa Alain Carpentier ya gyara bawul ɗin da ake kira mitral ta ƙaramar kafa da taimakon kyamara. A 2023 ne aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Birtaniya, inda aka raba majinyata 330 gida biyu ta hanyar ƙuri'a a asibitoci 10. Bayan mako 12, ƙarfin jikinsu bai bambanta ba. Kusan kashi 96 cikin 100 na kowane ɓangare an samu nasarar gyara musu bawul ɗin. Masu ƙaramin yanka sun riga komawa gida da kamar kwana ɗaya, amma bayan shekara guda babu wani bambanci na a-zo-a-gani wajen mutuwa ko sake aiki. Asibitoci irin na Leipzig a Jamus sun bi majinyatansu tsawon shekaru, sun kuma ga gyaran yana ɗorewa, sai dai likitoci ne suka zaɓi waɗanda suka dace da salon tun farko.

Abin da dillalan asibiti ba sa faɗa mana shi ne, majinyatan Turai galibi masu shekaru ne da bawul ɗinsu ya saki. Namu kuwa yara ne da matasa, waɗanda ciwon maƙogwaro da ba a yi masa maganin fenisilin ba ya lalata musu bawul, ya yi kauri ya ƙanƙance. Irin wannan yana da wuyar gyara, sau da yawa sai an canza shi. Wanda aka sa wa na ƙarfe zai sha warfarin har ƙarshen rayuwa tare da gwajin jini a kai a kai, kuma mun san nisan ƙauye da ɗakin gwaji. Ga mace mai son haihuwa, maganin kansa haɗari ne ga ciki.

Don haka a ganinmu, kafin a tambayi girman tabo, a tambayi likita: gyarawa za ka yi ko canzawa, kuma sau nawa ka yi wa mai irin wannan ciwo?

Cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a Soba, kusa da Khartum, a 2007, ta yi wa dubban talakawan Afirka aikin zuciya kyauta. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya toshe wa majinyata da yawa daga maƙwabta wannan hanya.