Hunturu Ba Lokacin Sammako Ba Ne

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iska ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe mu da hazo. Lokacin ne kuma na hutun makaranta da bukukuwan aure, kowa ya tada mota. Mai shirin tuƙi daga Kano zuwa Legas, tafiyar kilomita 1,000 ko fiye gwargwadon hanyar da ya bi, shawarar farko da za a ba shi ita ce ya yi sammako. Ni ban yarda ba.

Da bazara sammako dabara ce, a ci tafiya kafin kwalta ta ɗau zafi. Da hunturu kuwa, tsakanin asuba da hantsi hazo na haɗuwa da hayaƙin ƙona daji, ga gilashi a rufe saboda sanyi, ga gyangyaɗi. Ka kunna doguwar fitila, hasken ya daki ƙura ya dawo maka ido. A haka za ka iske tirela ta mutu a tsakiyar titi, gargaɗin da aka yi maka bai wuce ganyen da yaron mota ya watsa ba. Wanda ya jira gari ya waye sarai bai yi asarar komai ba.

Sai dai a yarda tafiyar ta kwana biyu ce, a nan kuma girman kai ke shigowa, don akwai masu alfahari da cewa a yini guda suka shanye ta. A bi ta Zariya, Kaduna da Abuja, a kwana Lokoja, washegari a nufi Okene, Akure da Ibadan. Hanyar Birnin Gwari zuwa Mokwa da Jebba ta fi kusa, amma kada a hau ta sai an tambayi direbobin tasha halin tsaronta a makon tafiyar. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa na lissafin fetur. A sa kuɗin masauki cikin lissafin.

Kafin a tashi, bakanike ya duba batir, birki, taya da matatar iska, wadda ƙura ke saurin toshewa.

Mai karatu, ka adana 122 a wayarka, lambar gaggawa ce ta hukumar kiyaye haɗurra, FRSC. In magariba ta riske ka a gari, ka kwana a nan. Allah Ya kai mu lafiya.