Mai Son Sayar Da Gida Da Wuri, Ya Fara Da Takarda

A kan hanyar da ta taso daga Nguru ta ratsa Jajimaji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, ta nufi Gashuwa, ba a rasa gidan da aka daɗe ana cigiyar mai saye amma shiru. Sau da yawa kuwa larura ce ta sa mai shi ya fitar da shi kasuwa, ko jinya, ko bashi, ko rabon gado. Ganin lokaci na ƙurewa, sai ya sallama a kan rabin daraja. Alhali ba rashin masu saye ne ya kawo cikas ba, rashin shiri ne.

Masu saye akwai su. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano wajen 1930 garin ya zama matattarar fatake, ga kuma Asibitin Tarayya da ke tara ma'aikata. Gashuwa kuwa ta sami Jami'ar Tarayya a 2013, ban da Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman. Sai dai ma'aikaci baƙo ba ya cinikin biri a sama. Abin da zai fara tambaya shi ne takarda.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun Gwamna. Wanda ke riƙe da takardar mallaka ta Gwamna ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa sai da yardarsa, wanda kuwa izninsa na gargajiya ne, yardar Ƙaramar Hukuma zai nema. Wannan ba wasa ba ne, domin a 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo saboda ba a nemi yardar Gwamna ba. A Jihar Yobe hukumar YOGIS ce ke kula da rajistar filaye. Saboda haka wajibi ne mai gida ya daidaita takardunsa kafin ya kira dillali, kada ya bari sai an yi tayi ya shiga neman su.

Abu na biyu shi ne gidan gado. Idan ba a raba ba, ko magada ba su amince baki ɗaya ba, cinikin rataye yake. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, watau ya biya abin da baƙo ya biya ya karɓe rabon ɗan'uwansa, kuma littafin Risala ya nuna haƙƙin wanda ke gari ba ya faɗuwa sai bayan shekara guda. Wane ne zai zuba kuɗinsa ya zauna shekara cikin fargaba? Gara a tara magada maza da mata, a je gaban alƙali a rubuta, a fara yi wa na gida tayi.

Na uku, faɗin gaskiya game da aibi. Ambaliyar 2022 ta yi ɓarna ƙwarai a Gashuwa da garuruwan da ke bakin Kogin Yobe, kuma tun daga nan mai saye ya koyi duba gindin bango. Wanda ya shafe shaidar ruwa da fenti bai ɓoye kome ba, gama maƙwabta za su faɗa, kuma shari'a ta ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Abin da ya fi shi ne a gyara indararo, a yashe magudana, a toshe yoyon kwano, sa'an nan a faɗi iyakar inda ruwa ya kai, a rage kuɗi daidai da haka.

Na huɗu, kuɗi da lokaci. Mai gida ya bincika nawa aka sallama gidajen unguwarsu, kada ya dogara da nawa aka yi musu kirari. Gidan da aka tsawwala wa kuɗi yakan daɗe har jama'a su fara zargin akwai wata matsala. Kuma kaka ta fi damina, domin a lokacin ne manoma da 'yan kasuwa suka sayar da riɗi da shinkafa, kuɗi na hannu, hanyoyi sun bushe.

Daga ƙarshe, dillali ɗaya amintacce ya fi goma, domin idan suka yi yawa kowa zai ɗora nasa, mai saye ya ji kuɗi iri uku ya gudu. A yanke la'ada tun farko. Idan an karɓi kafin alƙalami a rubuta ranar cikawa, a yi a gaban Bulama ko Lawani da maƙwabtan da suka san iyaka, kuɗi kuma su bi ta banki.

Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa. Wanda ya ɓata makonni kaɗan yana shirya takarda da shaidu, shi ne zai riga kowa karɓar kuɗinsa, ya kuma kwana ba sammacin kotu a ƙofarsa. Allah ya sa a dace.