NNS Aradu: Sayen makami daban, riƙe shi daban

A tarihin Rundunar Sojin Ruwan Najeriya babu jirgin da ya yi suna kamar NNS Aradu, wanda aka raɗa wa sunan Hausa mai nufin tsawa. Kamfanin Blohm + Voss ya ƙera shi a birnin Hambug na Jamus. An fara aikin a 1978, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, aka saka shi a ruwa a 1980, ya kama aiki a watan Fabrairun 1982, lokacin Shugaba Shehu Shagari.

Jirgin yana da tsawon kusan mita 125, an kuma ɗora masa makamai masu linzami samfurin Otomat guda takwas na kai wa jiragen ruwa hari, da na Aspide na kakkaɓo jiragen sama, da babbar igwa mai bakin milimita 127, da wurin saukar helikwafta. Shi ne na farko a duniya a tsarin ƙira na MEKO, wanda ake harhaɗa makamai da na'urori sashe-sashe domin a iya cire wanda ya tsufa a sa sabo. Ajantina ta sayi irinsa guda huɗu.

Aradu ya yi aiki a ruwan Laberiya lokacin da dakarun ECOMOG suka shiga ƙasar a shekarun 1990. A 2005 ya wakilci Najeriya a Ingila wajen bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar, a 2007 kuma ya tsallaka Tekun Atlantika zuwa Brazil. Sai dai tun 1987 ya gamu da haɗurra, ya kafe a ƙasa, ya yi karo, sannan ya shafe shekaru ana gyaransa a Legas har zuwa 1994. Bayan tafiyar Brazil, yawancin rayuwarsa a ɗaure ya yi ta a bakin gaɓa. Da ƙasar ta buƙaci babban jirgin sintiri, sai ta karɓi tsohon jirgin masu gadin gaɓar Amurka, aka sa masa suna NNS Thunder, ya kama aiki a 2012. A watan Yunin 2023 rundunar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dearsan na Turkiyya domin yi wa Aradu garambawul.

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne, kuɗin saye su ne mafi sauƙi a rayuwar jirgin yaƙi. Injinan Rolls-Royce da ke tura shi, da na'urorin hango abokan gaba, da su kansu makaman, duk suna da wa'adi, kuma suna buƙatar kayan gyara daga waje da ƙwararrun da ba a daina horar da su ba. Ƙirar da aka yi don sauƙaƙa sabuntawa ba ta da amfani idan kasafin kuɗi bai tanadi sabuntawar ba.

Mai karatu a Dinawa, ko Wurno, ko Rabah na iya cewa ina ruwansa da teku. Amsar ita ce, ɗanyen man da ke bi ta Mashigin Tekun Gini yana cikin manyan hanyoyin cika asusun tarayya, wanda daga cikinsa ake ba Jihar Sakkwato da ƙananan hukumominta kasonsu duk wata. Duk gangar da ɓarayin mai suka sace, an rage wani abu daga albashin malami da maganin asibiti. Haka kuma manomin da ke noman rani da ruwan madatsar Goronyo ya san bambancin gina abu da kula da shi.

Saboda haka ya kamata kwamitocin sojin ruwa na Majalisar Dattawa da ta Wakilai su nemi bayani a fili: nawa aka kashe a kan Aradu, ina aikin ya tsaya, kuma wane tanadi aka yi wa kayan gyara na shekara goma masu zuwa? Wannan tambaya ta shafi kowane jirgin sama da motar sulke da ake sayowa don yaƙi da 'yan bindiga a gabashin Sakkwato.