Jif Ko Ƙaramar Mota? Shawara Kafin Kuɗin Kaka Su Ƙare



Kaka ta yi a Funtuwa da Malumfashi, an sayar da masara da auduga, kuɗi sun shigo hannun maigida. A irin wannan lokaci ne zancen sauya mota kan taso: a sayar da tsohuwar Corolla a ɗauko jif. Idan ya nemi shawararki, kada ki yi saurin rangaɗa guɗa. Ki fara tambayarsa: wace hanya motar za ta riƙa bi kullum?

Jif dai tana da ranarta. Cikinta ya yi nisa da ƙasa, kuma a wasu ire-irenta tayoyi huɗu duka suna ja. Idan gidanku ko gonarku na can cikin ƙauyukan Bakori, Danja ko Ƙafur, inda kwalta ta ƙare, kin san yadda hanya ke komawa taɓo a watan Agusta. Ranar da naƙuda ta taso da tsakar dare, ko zazzaɓi ya rufe yaro, motar da ba za ta kafe a laka ba ita ce mota. A nan jif ta wuce ado, ta zama larura.

Amma idan zirga-zirgarku ba ta wuce makarantar yara, kasuwa da asibiti ba, sai ziyara Zariya ko Kano a kan kwalta, to ki yi lissafi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin fetur ya ninka fiye da sau biyu, ga jif kuwa da shan mai. Tayoyinta sun fi tsada, haka kayan gyaranta, wani lokacin ma sai an aika Kano ko Kaduna. Ita kuwa tsohuwar Corolla, kusan kowane bakanike a gari ya san ciwonta. Kuɗin da jif za ta ci daga ina za su fito? Daga cefane, da kuɗin makaranta, da takin baɗi.

Akwai kuma maganar tsaro. A yankin da ya sha fama da masu garkuwa da mutane, babbar mota tana jawo idon da ba a so.

Saboda haka 'yar'uwa, kada gorin kishiya ko na matan unguwa ya sa ki tura mijinki cin bashi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ku zauna ku rubuta abin da kowace mota za ta ci a wata, sannan ku yi istihara. Wani lokaci gyaran ta hannu, da hayar a-kori-kura ranar kwaso amfani, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Allah Ya ƙara wa mazajenmu buɗi na halal, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.