Kwalliya da Lafiya: Hudar Harshe Ba Hudar Kunne Ba Ce

Yau zancenmu kan wani yayi ne da kuke gani a bakin mawaƙan Amurka da Turai, wato huda harshe ko leɓe a maƙala ɗan ƙarfe.

Kada wata ta ce ai mu ma muna huda kunne da hanci. Baki daban yake. Harshe tsoka ne mai jijiyoyin jini da yawa, in allura ta samu ɗaya sai jini ya yi ta zuba. Yakan kumbura kwana da kwanaki, wani lokaci har ya tare numfashi. Ga baki matattarar ƙwayoyin cuta, ga rauni sai ya yi mako 4 zuwa 6 kafin ya warke. In kuwa an huda wata da allurar, ana iya kwasar ciwon hanta.

Ko ya warke ba a tsira ba. Ƙarfen yana bugun haƙori har ya tsage ko ya ɓantare. Na leɓe kuma yana gugar dasashi har ya janye, saiwar haƙori ta fito fili, shan ruwan sanyi ya zama azaba. Dasashin da ya janye ba ya komawa da kansa. Shi ya sa ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka, can inda ake yayin, take gargaɗin a guje shi.

Wadda ta riga ta huda, da ta ga mugunya, zazzaɓi ko kumburi mai ƙaruwa, maza asibiti.

Kada garin neman gira a rasa ido. Sai fitowa ta gaba.