Matsayin abinci mai ɗauke da 'yar barasa a doka

Abinci da dama na ɗauke da ɗan sinadarin barasa ba tare da an zuba shi da gangan ba. Burodin da aka kwaɓa da yis, ayaba da ta nuna sosai da ruwan 'ya'yan itace da ya kwana duk suna samar da shi yayin da suke tsima. Saboda haka dokokin ƙasashe ke sa iyaka tsakanin abinci da giya.

A Amurka iyakar ita ce kashi 0.5 cikin 100, adadin da dokar Volstead ta 1919 ta yi amfani da shi lokacin haramcin giya. Japan ta tsaya a kashi 1. Tarayyar Turai kuma, a ƙarƙashin dokarta mai lamba 1169/2011, ta wajabta rubuta ƙarfin barasa a jikin abin sha idan ya wuce kashi 1.2.

Amma adadi kaɗai ba shi ke yanke hukunci ba. Ruwan banila da ake sa wa kek dole ne ya ƙunshi aƙalla kashi 35 na barasa a ƙa'idar hukumar FDA, wato kusan ƙarfin wuski, duk da haka a sashen kayan girki ake sayar da shi, domin doka na ɗaukar sa a matsayin abin da ba a sha kai tsaye. Kombucha kuwa, shayin da ake tsimawa, ya gamu da akasin haka: a 2010 kantunan Whole Foods sun kwashe shi daga kantocinsu bayan an gano wasu kwalabe sun haura kashi 0.5, saboda tsimuwar na ci gaba a cikin kwalba. Abin da ya wuce iyakar ya shiga ƙarƙashin haraji da lasisin giya.

A Ingila da Wales dokar lasisi ta 2003 ta cire cakulan mai giya daga ma'anar barasa, sannan a 2015 aka soke hanin sayar da shi ga 'yan ƙasa da shekara 16. A 2023 gwamnati ta nemi ra'ayin jama'a kan ɗaga iyakar lakabin "babu barasa" daga kashi 0.05 zuwa 0.5.

Wannan lakabin ne ya fi rikitar da masu saye, musamman mata masu juna biyu da masu neman halal. Majalisar Malaman Indonesiya, a fatawarta ta 2018, ta yarda da abin sha mai tsimi da bai kai kashi 0.5 ba, muddin ba a yi shi da kayan haram ba kuma ba ya cutarwa.