Sharhi: Ciwon Bayan Dattijo da Sankarar Ɓargo

A yankin noman rani na Bakolori, tun daga Maradun inda aka datse gulbin Sakkwato a 1978 har zuwa fadamun Talata Mafara da Bakura, ba a mamakin dattijo ya yi kukan baya. Wanda ya shekara arba'in a duƙe cikin gonar shinkafa dole ƙugunsa ya nemi bashinsa. Sai a ce tsufa ne ko sanyin ƙashi, a sayo masa ƙwayar kashe zafi a kemis, kuma galibi hakan ne. Amma cikin waɗannan dattawa akwai 'yan kaɗan da abin da ke cin su sankarar ɓargo ce, wadda likitoci ke kira mayeloma. Matsayar wannan sharhi ita ce jinkirin gano cutar ne yake fara kayar da majiyyaci tun kafin a zo maganar tsadar magani, kuma rage wannan jinkiri bai fi ƙarfin asibitocinmu ba.

Ɓargo shi ne masana'antar jini. Cikinsa akwai wasu ƙwayoyi da aikinsu shi ne ƙera makaman garkuwar jiki. Idan ɗaya daga cikinsu ta lalace ta shiga hayayyafa ba tsayawa, sai ta cinye wurin da ake yin jini, mutum ya yi fari fat, gajiya ta kama shi. Tana kuma gaigayar ƙashi kamar yadda gara ke cin azara, har ƙashin baya ko haƙarƙari ya karye ba tare da faɗuwar kirki ba. Sinadarin kalsiyam da ke narkewa daga ƙashin yana kawo ƙishirwa da ruɗewa, gurɓataccen furotin da ƙwayoyin ke zubarwa kuma yana toshe ƙoda. Tun 1847 wani likita a Landan, Henry Bence Jones, ya gano wannan furotin a fitsarin majiyyaci. Cutar ta fi kama waɗanda suka haura shekara 60, kuma a Amurka baƙar fata sun ninka farare kamuwa da ita. Binciken da aka wallafa a 2007 kan maza a Akara ta ƙasar Gana ya nuna alamar jinin da ke gabatar cutar ta kusa ninka ta fararen Amurka, abin da ke nuni da cewa al'amarin ya shafi Afirka ta Yamma baki ɗaya. Ƙarancin masu cutar a rajistar asibitocinmu shaida ce ta ƙarancin gwaji.

Hanyar da jinkirin ke bi sananniya ce. Ana farawa da daiklofenak ko ibuprofen, magungunan da su kansu suna wahalar da ƙoda, balle ƙodar da cutar ta riga ta taɓa. Idan ƙashi ya karye a tafi wurin maɗori, ɗorin ya ƙi kamawa, a soma zargin jifa ko sammu. Idan jini ya yi ƙasa a yi ƙarin leda ɗaya ko biyu a koma gida, ba a tambayi inda jinin ke tafiya ba. Kafin a isa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, an sayar da bijimi da amfanin gona, majiyyaci kuma ya kai ga wankin ƙoda ko ƙafafunsa sun shanye.

Abin da ya kamata shi ne manyan asibitocin Talata Mafara da Bakura da Maradun su kafa ƙa'ida mai sauƙi. Duk wanda ya wuce shekara 50 ya zo da ciwon baya ko ƙashi da ya haura wata guda, musamman mai tsananta da dare, tare da ƙarancin jini ko rama ko yawan kamuwa da cututtuka, a yi masa awon jini da awon ƙoda da hoton ƙashi kafin a ƙara masa wata ƙwaya. Waɗannan gwaje-gwaje ne na yau da kullum. Idan sun ta da shakku, a ɗebi jini da fitsari a aika wa ƙwararrun cututtukan jini domin gwajin furotin. Talata Mafara tana kan titin Gusau zuwa Sakkwato, kuma a halin tsaron da ake ciki, kwalbar jini ta fi tsoho mai karyayyen baya sauƙin tafiya. Sai an ga alama mai ƙarfi sannan majiyyaci ya tafi a ɗebi ɓargonsa.

Wani zai ce a jihar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da mutuwar mata wurin haihuwa ke ɗauke rayuka kullum, ina ruwanmu da cutar da ba ta da yawa? Tambayar tana da nauyi. Sai dai ba a ce a gina cibiyar sankara a Bakura ba. Injin awon jini da na awon ƙoda su ne dai mai ciki da yaro mai sikila ke buƙata. Ma'aikacin da aka koya wa tambayar dalilin ƙarancin jini shi ne zai gane yaro mai sankarar jini, ko mai kumburin muƙamuƙi irin wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, cutar da take da alaƙa da zazzaɓin cizon sauro kuma tana warkewa idan an kama ta da wuri.

Wani kuma zai ce tunda mayeloma ba a cika warkewa daga gare ta ba, mene ne amfanin ɗaga wa iyali hankali? Amsar tana cikin yadda maganin ya canja. A tsakiyar shekarun 1970, kusan kashi 25 cikin 100 ne na majiyyata a Amurka ke kai shekara biyar bayan gano cutar. Yau sun haura rabi. Talidomaid, wanda aka janye a 1961 saboda nakasa jarirai a ciki, ya dawo a 1999 a matsayin maganin wannan cuta, an amince da bortezomib a 2003, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su tare da lenalidomaid da melfalan cikin jerin magungunan da ya wajaba ƙasashe su tanada. Ko inda kuɗi suka gaza, sanin cutar yana sa a daina maganin da ke kashe ƙoda, a yawaita shan ruwa, a ba da allurar ƙarfafa ƙashi da maganin raɗaɗi na gaskiya. Dattijon da ya samu shekaru yana zuwa masallaci da ƙafarsa ya samu riba babba.

Maganar kuɗi ce ta fi wuya. Asusun tallafa wa masu sankara na gwamnatin tarayya ya fara ne da ta mama da bakin mahaifa da mafitsarar maza, don haka masu sankarar jini suna buƙatar a saka su, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ma ta ɗauki nauyin gwajin farko. Akwai abin koyi: tun 2003 ake ba masu wani nau'in sankarar jini maganin Glivec kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife. Amma babu mai ba da tallafi ga majiyyatan da ba a ƙidaya ba, kuma ba a ƙidaya wanda ba a gwada ba.

Ga iyalai kuwa, addu'a da neman magani ba su taɓa zama kishiyoyi ba. Idan baba ko inna ta yi wata guda tana kukan baya, idanunta sun yi fari, fitsarinta yana kumfa, kada a sake komawa kemis. A kai ta asibiti a nemi awon jini da na ƙoda tun ƙodar tana aiki. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.